Zaren da Malamai Ke Ja a Kundin Digiri

Da zarar zangon ƙarshe ya kama, shagunan buga takardu na Samaru da na bakin Kongo a Zariya ba sa rufewa da wuri. Janareto na ta ƙugi, 'yan ajin ƙarshe sun yi cirko-cirko da filas a hannu, kowa na jiran a fitar masa da babi biyar ya kai wa sufabaiza kafin ya tashi daga ofis. Haka abin yake ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, haka ga na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, haka ga masu karatun koyarwa. In ka saurari hirarsu za ka ji abin da ya dame su bai wuce yawan shafi da kalar bango ba, alhali malamin da zai zauna ya ba aikin maki ba nan idonsa yake fara sauka ba.

Gogaggen mai jarrabawa, musamman wanda aka gayyato daga wata jami'a, ba kasafai yake fara karatu daga shafin farko ya bi a jere ba. Yakan buɗe babi na ɗaya inda aka jera manufofin bincike, ya sa yatsa a wurin, ya juya zuwa babi na biyar ya ga ko abin da aka ce za a yi shi aka yi. Daga nan ya leƙa rataye ya duba takardar tambayoyi, ko akwai tambayar da za ta iya samar da wannan amsar. Sai ya tsinci sunaye uku ko huɗu daga babi na biyu ya neme su a manazarta. Cikin minti goma ya riga ya san irin aikin da ke gabansa. Zare ɗaya yake ja, daga tambaya zuwa hanya, daga hanya zuwa sakamako, daga sakamako zuwa shawara. Inda zaren ya tsinke, nan tambayoyinsa za su taru ranar kare kundi.

Matsalar takan faro ne tun daga take. Ɗalibi ya kawo “Matsalolin Noma a Arewacin Nijeriya”, aikin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take kai shekara da shekaru ba ta gama ba, shi kuma yana da wata huɗu da kuɗin mota na 'yan kwanaki. Take mai kyau yana faɗin abu uku: me za a auna, a wurin su wa, a ina. Ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshen wannan rubutu: “Asarar tumatir tsakanin gona da kasuwa a wurin manoman rani na fadamar Galma”. An san abin da za a auna, asara. An san mutanen, an san wurin, mai babur ma zai iya kai ka. Daga wannan take manufofi uku sun isa: a gano yawan tumatirin da ke lalacewa kafin ya isa kasuwa, a kwatanta asarar mai zubawa a kwando da ta mai zubawa a kiret na roba, a duba ko tsawon lokacin da kaya ke yi a hanya yana da alaƙa da yawan asarar.

Kowace manufa tana haifar da tambayar bincike guda, da lamba iri ɗaya da jeri iri ɗaya. Manufa uku, tambaya uku. Hasashe kuwa, wato amsar da ake zato kafin a gwada, sai inda za a yi gwajin lissafi. A misalinmu manufa ta farko ba ta buƙatar hasashe, ƙidaya ce kawai, amma ta biyu da ta uku suna buƙata. Ɗalibai da yawa sukan jera manufa bakwai don aikin ya yi kwarjini, sai a babi na huɗu a tarar da amsar huɗu kacal, ukun sun ɓace a hanya. Ka kula da aikatau ɗin da ka fara manufa da shi. “A gano”, “a kwatanta”, “a auna” duk ana iya nuna an yi su. “A fahimta” da “a wayar da kai” ba su da ma'auni, kuma wayar da kan jama'a ba aikin kundi ba ne.

Babi na biyu shi ne inda aka fi ɓarnar takarda. Abin da aka saba gani shi ne jerin gwano: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, wane ma ya ce kaza, shafi ashirin, babu inda muryar ɗalibin ta fito. Bitar ayyukan da suka gabata ana tsara ta ne bisa manufofinka. Ƙarƙashin batun mazubi, alal misali, sai ka tara duk waɗanda suka yi aiki a kai, ka nuna inda suka haɗu da inda suka saɓa, ka faɗi dalilin saɓanin in ka gano shi: wannan ya auna da sikeli, wancan tambayar manoma kawai ya yi, wannan a lokacin sanyi, wancan a bazara. Ga kowane aiki da ka kawo, mai karatu na son sanin wa ya yi, a ina, da mutum nawa, ta wace hanya, me ya samu. Daga ƙarshe ka nuna giɓin da ya rage. Kuma ka guji cewa “babu wanda ya taɓa yin bincike a kan wannan”. A garin da jami'a take tun 1962, da wuya a ce babu, kuma akwai yiwuwar wanda ya duba wancan aikin yana zaune a cikin masu jarraba ka. Gara ka ce aikin da aka yi ya tsaya ga dillalai, naka zai fara daga gona.

Wurin nema ba ya wuya a Zariya. Ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ga ƙananan ɗakunan karatu na tsangayoyi da sassa inda tsofaffin kundaye suke jibge, ga rumbun intanet na jami'ar da ake kira Kubanni, ga Google Scholar da AJOL don maƙalun mujallu. Mai nazarin tarihi kuwa dole ya hau mota zuwa Kaduna, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka ambaci littafin da ba ka taɓa riƙewa ba kamar ka karanta shi. In a cikin aikin wani ka ga maganar, ka ce an ruwaito ta a wurin wane, ka sa wanda ka karanta ɗin a manazarta. Haka kuma ba kowace mujalla ce mujalla ba. Wadda ke karɓar kuɗi ta buga maƙala cikin kwana uku ba tare da masana sun tantance ba, malamai sun san irinta, kuma dogaro da ita yana rage wa aiki daraja.

Babi na uku ya kamata a fi daɗewa a kai, don shi ne ake fi kama mutum da shi. Ma'auninsa ɗaya ne: in aka miƙa wa wani ɗalibi wannan babin, zai iya maimaita aikin ba tare da ya kira ka a waya ba? Fara da adadin mutanen da binciken ya shafa da kuma inda ka samo adadin, ko rajistar ƙungiyar manoma, ko ofishin malaman gona na ƙaramar hukuma, ko rajistar makaranta. A ce manoman sun kai 1,200. Da ƙa'idar Yamane ta 1967, wadda ke fitar da yawan mutanen da za a tambaya, sai ka ninka 0.05, wato girman kuskuren da aka amince da shi, da kansa ka sami 0.0025, ka ninka da 1,200 ka sami 3, ka ƙara 1 ya zama 4, ka raba 1,200 gida 4, ka sami mutum 300. In jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ka bi, 291 zai ba ka. Kowanne ka ɗauka daidai ne, amma ka nuna lissafin a shafi, kuma ka iya yin sa a allo in an ce ka yi. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda takardun da za su ɓace ko su lalace, wato ka buga 330.

Sai batun yadda aka zaɓo mutanen. Kusan kowane kundi yana cewa zaɓen kan mai uwa da wabi aka yi, wanda kowa ke da dama daidai da ta kowa. Wannan ba ya yiwuwa sai kana da jerin sunayen mutanen duka, ka ba kowa lamba, ka yi ƙuri'a ko ka sa kwamfuta ta zaɓa. In tsayawa ka yi a bakin hanyar fadama kana tare duk wanda ya zo wucewa, to zaɓen wanda ya sawwaƙa ka yi, kuma ka rubuta haka. Ba laifi ba ne, sai dai yana taƙaita abin da za ka iya cewa game da sauran manoman da ba ka gani ba. Laifin shi ne a yi wani abu a rubuta wani.

Takardar tambayoyi tana da tata rigimar a wurinmu. Da Turanci ake tsara ta, a sa mata hannu da Turanci, sannan a kai ta ga mutanen da Hausa suke ji. In kowane mai taimaka maka yana fassarawa da ka a tsaye, to tambaya ɗaya ta zama tambaya biyar. A fassara ta a rubuce tun a gida, a ba wani wanda bai ga ta Turancin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta, a gyara inda ma'ana ta kauce, a sa duka biyun a rataye. Daga nan a gwada ta a kan mutum 20 zuwa 30 a wani ƙauye da ba ya cikin binciken. In akwai rukunin tambayoyi masu ma'aunin Likert, wato masu amsa daga “na yarda ƙwarai” zuwa “ban yarda ba sam”, a lissafa alfa ta Cronbach, lambar da ke nuna ko tambayoyin suna tafiya tare, abin da aka saba karɓa shi ne 0.7 zuwa sama. Akwai kuma abin da littattafan hanyoyin bincike ba su cika faɗa ba, wato kara. Dattijo ya ga baƙo ɗan makaranta ya zo da takarda, duk abin da aka karanta masa sai ya ce “ƙwarai kuwa”, don kada ya ba shi kunya. Maganinsa a riƙa tambayar abin da ya faru maimakon ra'ayi: kwando nawa ka ɗauka ranar kasuwar da ta wuce, nawa aka ware na ruɓaɓɓe. Kafin ka shiga gari kuma ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka fara da gaishe da mai unguwa ko sarkin kasuwa, ka gaya wa kowa cewa amsawa ganin dama ce kuma ba za a rubuta sunansa ba. In akwai matan da za a tambaya a cikin gida, nemi mace ta shiga.

Ma'auni ma abin lura ne. Kwando ba ma'auni ba ne, akwai babba akwai ƙarami, haka tiya da mudu da buhu sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ka ɗauki sikeli ka auna kwanduna goma ko fiye, ka fitar da matsakaicin nauyi a kilo, ka rubuta yadda ka yi. Ka kuma dubi kalanda tun ranar da kake zaɓen take. Kakar tumatirin rani tana cikin watannin sanyi zuwa farkon zafi. In zangon da za ka fita fili ya faɗo tsakiyar damina, za ka isa fadama ka tarar da masara da shinkafa.

A nan ne wasu ke zamewa su zauna a ɗaki su cike takardun da kansu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Takardu 300 da aka raba aka dawo da 300 cif, babu wadda aka tsallake tambaya ko ɗaya, biro iri ɗaya, hannu iri ɗaya, amsoshi sun tafi sumul babu mai saɓa wa wani: duk wanda ya taɓa fita fili ya san mutane ba haka suke ba. Sashe na da ikon cewa ka kawo takardun a gani, don haka ka adana su a kwali har sai sakamako ya fito.

A babi na huɗu, fara da lissafin takardu: an raba 330, an dawo da 312, an zubar da 8 da ba a cike da kyau ba, an yi aiki da 304. Daga nan kowane jadawali jimillarsa 304 ce, in ba haka ba ka faɗi dalili a ƙasansa. Kashi-kashi su haɗu su ba da 100. Wannan ƙaramin abu ne, amma mai jarrabawa da kalkuleta a wayarsa yake zaune. Kowane jadawali da lambarsa da takensa a sama, zane kuwa ka bi tsarin sashenku, yawanci a ƙasa ake sa nasa. Kada ka kwafo abin da SPSS, manhajar lissafin alƙaluma, ya fitar ɗungurungum ka manna, ka sake tsara shi ka bar lambobin da ake buƙata. Ka jera sakamakon bisa tambayoyin bincike, ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ƙarƙashin jadawali kuma ba a son ka sake karanto duk lambobin da ido ya riga ya gani, jumla biyu ko uku da ke nuna abin da ya fi ɗaukar hankali sun wadatar.

Gwajin lissafi yana bin irin bayanan da ke hannunka. Kwatanta matsakaicin asarar masu kwando da masu kiret aikin gwajin t ne, rukuni uku ko fiye sai ANOVA. Alaƙar awannin hanya da kilon da ya lalace aikin gwajin dangantaka ne irin na Pearson. Gwajin chi na ƙidayar rukuni-rukuni ne, kuma yana rauni in gurabe da yawa adadin da ake tsammani a cikinsu bai kai 5 ba. In p, lambar da gwajin ke fitarwa a yanke hukunci da ita, ta gaza 0.05 sai a yi watsi da hasashen cewa babu bambanci. In kwamfuta ta nuna .000 kada ka rubuta sifili, ka rubuta p ta gaza .001. Masu ma'aunin Likert mai mataki huɗu su san daga ina 2.5 ɗin nan, da ake raba yarda da rashin yarda da ita, ta fito: 4 da 3 da 2 da 1 sun ba da 10, a raba gida huɗu. Ana yawan tambaya, ana yawan yin shiru. Sakamakon da ya nuna babu bambanci kuwa sakamako ne, ba faɗuwa ba, kada ka taɓa lambobi don su ba ka abin da kake so. Kuma samun alaƙa tsakanin abu biyu bai nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Mai yiwuwa masu kiret su ne masu hali, su ne kuma masu samun mota da wuri. Irin wannan tunanin shi ake nema a sashen tattauna sakamako, tare da komawa ga ayyukan da ka kawo a babi na biyu ka ce naka ya dace da na wane, ya saɓa da na wane, ga abin da kake ganin ya sa.

Babi na biyar gajere ne. Kowace shawara ta fito daga wani sakamako da za ka iya nuna shafinsa, kuma ta ambaci wanda zai aiwatar. “Gwamnati ta taimaka wa manoma” ana iya rubuta shi ba tare da an je Galma ba.

Batun madogara da manazarta, sashenku ne ke da ta cewa, don haka ka karɓi takardar ƙa'idarsu tun kafin ka fara. Ilimi da kimiyyar zamantakewa yawanci tsarin ambaton madogara na APA suke bi, fannin lafiya sukan bi tsarin lambobi na Vancouver, lauyoyi da masu tarihi suna amfani da bayanin ƙasan shafi. In APA ce, ka tambaya wace fitowa, domin ta bakwai da ta fito a 2019 ta canza abubuwa: marubuta uku ko fiye, sunan na farko kawai ake sawa a cikin rubutu tun daga ambaton farko sai a bi shi da et al., wato “da sauransu”, kuma an daina rubuta garin da aka buga littafi. Tun kafin ta bakwai kuwa, maganar da aka ɗauko kai tsaye in ta kai kalma 40 ana ware ta a matsa da ita ciki ba tare da alamar zance ba. Duk maganar da aka ɗauko kalma da kalma tana buƙatar lambar shafi. Sunayenmu na Hausa suna da nasu tarko. Marubucin da sunansa ya ƙare da sunan gari, wani ya ambace shi da garin, wani da sunan mahaifi, sai mutum ɗaya ya zama biyu a manazarta. Ka bi yadda ya rubuta sunansa a kan aikin, ka tsaya a kai. Wanda ya yi hira da dattawa ya rubuta shekarun mai ba da bayani da sana'arsa da wuri da ranar hirar tun a lokacin, don ba a tuna su daga baya. Zotero, manhajar tsara manazarta, kyauta ne, yana ɗauke rabin wannan wahala. Daren ƙarshe kuma ka ɗauki biro ka bi kundin shafi-shafi, duk sunan da ka gani ka yi masa alama a manazarta. Abin da ya rage babu alama ka cire, wanda babu shi ka nemo.

Turnitin, manhajar da ke kwatanta rubutunka da na wasu, kamanceceniya yake aunawa, kuma kowace makaranta da iyakar da ta sa. Yawan kashin ba shi kaɗai ne hukunci ba: aiki na iya nuna kashi kaɗan alhali an kwashe tunanin wani ba a ambace shi ba, wannan ma satar fasaha ce. Masu sa manhaja ta canza musu kalmomi don kashin ya sauka suna ƙarewa da Turancin da ba ya ma'ana, har sunan fanninsu ma a juya shi. Hanya ita ce ka karanta, ka rufe littafin, ka rubuta da bakinka, ka ambaci mai shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT kuwa sun zo da sabuwar fitina, suna iya ƙago maƙala da sunan marubuci da shekara da mujalla, duk babu su a duniya. Duk abin da ba ka buɗe da idonka ka gani ba, kada ya shiga manazarta. Wanda kuma ya biya aka rubuta masa, tambaya biyu ta isa ta tona shi.

Tsarin shafi ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da aka fi gani shi ne takarda A4, Times New Roman mai girman 12, tazara biyu tsakanin layuka, gefen hagu ya fi faɗi saboda ɗauri, shafukan farko da lambobin Romawa. Tsakure sakin layi ɗaya ne da ke ɗauke da manufa, hanya, sakamako da lambobinsa, da babbar shawara, kuma shi ake rubutawa a ƙarshe. Masu rubutu da Hausa su mayar da aikin PDF kafin su kai shago, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma akwatuna a kwamfutar da ba ta da irin rubutunsu, ƙumshiya ma ta goce daga lambobin shafi.

Ranar kare kundi, ko gabatar da maƙala a taron ƙara wa juna sani, lokacin da ake bayarwa yawanci minti 10 zuwa 15 ne. Silaid 10 zuwa 12 sun isa: ɗaya na take, ɗaya na matsalar, ɗaya na manufofi, ɗaya na giɓin da ka gano, biyu na hanya, uku ko huɗu na sakamako, ɗaya na shawarwari. Rabin lokacin na sakamako ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cinye minti takwas a shimfiɗa da ma'anar kalmomi, ana isowa abin da aka gano sai shugaban zama ya ce saura minti ɗaya. Girman rubutu kada ya gaza 24, layi biyar ko shida a silaid, baƙin rubutu a kan farin fili, don majigin ɗakin taro da hasken rana ta taga ba sa barin rubutu a kan fili mai duhu ya fito. Jadawali mai layi ashirin ba ya karantuwa daga kujerar baya, ka mayar da shi zane ko ka ɗebo layuka huɗun da suka fi muhimmanci. Hoto ɗaya na kwando a kan sikeli a bakin gona ya fi sakin layi uku shaida cewa ka je.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gwada jawabin da babbar murya, da agogo, sau uku aƙalla, sau ɗaya a gaban abokan da za su yi maka tambayar mugunta. Ka ajiye fayil ɗin a filas, a imel, a waya, da PowerPoint da PDF. Ka buga silaid ɗin a takarda kwafi uku ko huɗu, domin in aka ɗauke wuta ba za a ɗaga zama saboda kai ba, za a ce ci gaba. Ka zo da naka kwafin kundin wanda lambobin shafinsa suka yi daidai da na hannun malamai, ka liƙa 'yan takardu a farkon kowane babi. Gaisuwa jumla ɗaya ce, shugaban zama, malamai, sunanka, takenka. Ka fuskanci mutane, kada ka ba su ƙeya kana karanta bango.

Tambayoyin ba su cika fita daga guda biyar ba: me ya sa wannan wurin, yaya ka sami wannan adadin, me ya sa wannan gwajin ba wancan ba, me ka gano a jumla ɗaya, me aikinka ya ƙara a kan na baya. Ka bari mai tambaya ya dire, ka rubuta in tambayoyin sun yi yawa, ka amsa abin da aka tambaya kaɗai. Amsa mafi ƙarfi ita ce mai lambar shafi: “Ranka ya daɗe, yana shafi na 34, jadawali na uku.” Tarbiyyarmu ta hana musu da babba, shi ya sa ɗalibi ke cewa “na gode Malam, za a gyara” ko da shi ke da gaskiya, sai a rubuta masa gyaran da zai ɓata aikin. Ana iya tsayawa a kan magana cikin ladabi: “Allah ya gafarta Malam, na duba wannan hanyar, abin da ya sa ban bi ta ba shi ne rukunina biyu ne kawai.” In kuma kuskure ne na gaske, ka karɓa nan take. Abu ɗaya da ba a faɗa shi ne “sufabaiza ne ya ce in yi haka”. Sunanka ne a bango, kuma ka jefa malaminka cikin kunya a gaban abokan aikinsa.

Ka roƙi wani abokinka ya zauna a baya yana rubuta duk gyaran da aka faɗa, don kai a tsaye ba za ka riƙe rabinsu ba, sannan ka karɓi kwafin da malamai suka yi wa jan biro kafin su watse. In ka koma ɗaki ka yi jadawali mai gida uku, abin da aka ce, abin da ka yi, shafin da yake, ka kai wa sufabaiza tare da sabon kwafin. Ɗaurin bango mai tauri sai bayan ya duba ya amince. Kalar bangon da yawan kwafin da za a miƙa ka tambayi ofishin sashe, kuma kafin mai ɗauri ya buga rubutun zinare ka karanta masa take da sunanka da lambarka harafi-harafi, don wannan rubutun ba ya gogewa.